Tumatir ya yi ƙari, waken suya ya ƙi: laifin bakteriyar ne ko na shukar?

Ɗalibar Tsirrai:
Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina neman a warware mini. Na ciro bakteriya daga wani ƙari da ya fito a gindin furen wardi, na raine ta a faranti har ta fito ɗigo-ɗigo, fari mai sheƙi da yauƙi. Ina kyautata zaton Agrobacterium tumefaciens ce. Na dafa tsinken sakace, na dangwalo ta, na soki karan tumatir 10, waken suya 10, wake 10, duk rana ɗaya a kan benci ɗaya. Yau kwana 24 ke nan. Tumatir 9 sun yi ƙari, wani har ya tsaga fatar karan ya ɓullo waje, fari-fari mai kaushi. Waken suya kuwa wurin da na soka ya yi duhu, ya bushe, ya rufe kamar tsohon tabo. A wake biyu ne kawai na ga ya ɗan tasa, shi ma sai na shafa da yatsa nake jin sa.

Wace ƙwayar gado ce bakteriyar tawa ta rasa da ta kasa kama dangin wake? Ina so in san sunanta in nemo ta.

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin masana su zo, ga abin da idona ya gani. Na shafe shekaru ina tuge shuka ina duba saiwa, kuma da wuya ka ga wannan ƙari a dangin wake a gona. Inda yake damun mutane shi ne wardi, inabi, tuffa da sauran itatuwan da ake yi wa aure, domin wuƙa tana barin rauni. Abin da aka fi kawo mini a ce cuta ce, kashi biyu ne. Na farko ƙululun nan na alheri da ke manne a gefen saiwa: ka murza da yatsa ya fita, ka fasa shi ka ga cikinsa ja-ja. Wannan ba cuta ba ne, taki ne shukar take haɗa wa kanta. Na biyu kumburin da ƙananan tsutsotsin nematod ke sawa, shi kuma ba ya ɓalluwa domin saiwar ce da kanta ta kumbura. To abin da kika gani a bencinki bai ba ni mamaki ba. Dalilinsa ne ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini ba, don haka ni ma na baza kunne.

Malamin Ƙwayoyin Cuta:
Sannu da ƙoƙari Malama. Gwajinki ya yi kyau, musamman da kika sa tumatir a ciki, domin shi ya tabbatar miki bakteriyar tana raye kuma tana da makaminta. Amma tambayar ce nake so mu ɗan gyara. Kin ce wace ƙwayar gado ce ta rasa, kamar mabuɗi ɗaya ne ya ɓace. Bari in shimfiɗa yadda abin yake tafiya, sai ki ga wurare nawa ne tafiyar za ta iya tsayawa.

Wannan bakteriya tana ɗauke da wani zoben DNA daban da kuromosom ɗinta, wato babban zaren DNA ɗinta, ana ce masa filasmid ɗin Ti. Masu bincike a birnin Gent na Beljiyam, ƙarƙashin Jeff Schell da Marc Van Montagu, su suka gano shi a 1974. A 1977 kuma Mary-Dell Chilton da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Siyatil suka nuna cewa wani yanki na zoben nan yana shiga cikin DNA ɗin shukar ya zauna. Shi ake kira T-DNA. Tun kafin su Armin Braun ya lura cewa ko an kashe bakteriyar bayan 'yan kwanaki, ƙarin yana ci gaba da girma abinsa, har a raba shi da shukar a raine shi a faranti ba tare da an ba shi homon, wato sinadarin da ke sa shuka girma, ba. Ya san an bar wani abu a cikin sel ɗin, wato ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka zama jikin shuka, bai dai san mene ne ba.

A kan zoben akwai unguwanni biyu da suka shafe mu. Ɗaya ita ce T-DNA, kayan da za a kai. Ɗaya kuma ita ce vir, masu dakon kayan. Idan shuka ta ji rauni tana fitar da wasu sinadarai, sanannensu shi ne asetosiringon, wanda aka gano aikinsa a 1985. Furotin VirA da ke jikin fatar bakteriyar shi ke jin ƙanshinsu, ya taɓa VirG, shi kuma VirG ya tada sauran. VirD1 da VirD2 su yanko T-DNA daga iyakokinsa, kowace iyaka harafin DNA 25 ce. Ƙwayoyin virB guda 11 su gina bututun da za a tura kayan. VirE2 ya lulluɓe zaren DNA ɗin a cikin sel ɗin shuka don kada a cinye shi a hanya. Idan ya isa ya zauna, sai ƙwayoyin da ke kansa su fara aiki: iaaM da iaaH suna haɗa oksin, ipt yana haɗa saitokainin. Homon biyun nan idan suka yi yawa babu linzami, sel ya dinga rabuwa ba tsayawa. Ƙarin ke nan.

Yanzu ki ƙirga. Shukar za ta iya ƙin fitar da ƙanshin da ya isa. Bakteriyar za ta iya kasa mannewa. Sel ɗin bakin raunin za su iya mutuwa kafin a kai kayan. Ko a kai kayan lafiya, amma gwargwadon homon da ya kumbura tumatir ya kasa motsa karan waken suya. Dukkansu a ido abu ɗaya za ki gani: ba ƙari.

Sabon Shiga:
Malam don Allah tambaya. Mu a lab an ba mu wani nau'in wannan bakteriya mai suna EHA105 mun yi aiki da ita, kuma ba ta yi ƙari a komai ba, har tumatir. Ita ma ta rasa wani abu ne?

Malamin Ƙwayoyin Cuta:
Da gangan aka cire mata, ɗan'uwa. EHA105, LBA4404, GV3101, duk an zare musu T-DNA mai sa ƙari, an bar masu dakon. Ana ɗora musu kayan da ake so su kai. Ba za su taɓa yin ƙari ba ko a kan wace shuka.

Kuma ka kawo mu daidai inda nake so, domin asalin EHA105 yana da alaƙa da tambayar Malama. Akwai wani nau'i da ake kira A281. Haɗe-haɗe ne: kuromosom na C58, wadda aka samo daga ƙarin itacen ceri a jihar New York, sai filasmid mai suna pTiBo542. An lura A281 tana yin ƙari da sauri, manya-manya, kuma tana kama shuke-shuken da wasu nau'o'in ke shan wahala a kansu, har da waken suya. Kowa zai yi tsammanin sirrin yana cikin T-DNA, tunda can homon suke. A 1986 Elizabeth Hood da abokan aikinta suka nuna cewa wannan zafin kamu yana zaune ne a wajen T-DNA. A 1987 aka matse wurin a ɗakin binciken Eugene Nester, aka samu virG ne da wani sashe na virB. Wato idan ta ji ƙanshin, masu dakonta sun fi na saura tashi da ƙarfi. Daga A281 ɗin nan Hood ta zare T-DNA ta samar da EHA101, daga ita aka fitar da EHA105. Haruffan farko na sunanta ne a jiki.

Mai Kiwon Iri:
Dakta, na karanta bayaninka sau biyu, kuma babu inda zan ce ka yi kuskure. Amma ku masu ƙwayoyin cuta kullum bakteriyar kuke kallo, shukar kuwa kamar bango ce da aka jefa wa dutse. Ƙanwata ta ce ta soki waken suya 10. Wane iri? Ba ta faɗa ba, kuma babu wanda ya tambaye ta. A wurina nan gizo ke saƙar.

Tun 1985 Owens da Cress suka nuna cewa irin waken suya daban-daban suna amsa bakteriya ɗaya ta hanyoyi mabambanta. Wani iri ya cika da ƙari, wani ko gezau. Akwai tsohon iri mai baƙar ƙwaya da ake kira Peking, ya yi suna wajen saurin kamuwa, kuma ba banza ba ne da shi aka yi nasarar farko ta shigar da ƙwayar gado cikin waken suya ta hanyar wannan bakteriya a 1988. Wannan saurin kamuwa abu ne da ake gada, idan ka haɗa iri mai kamuwa da marar kamuwa za ka ga halin yana bin zuriya. To idan bakteriya ɗaya, mai virG ɗaya, ta kama wannan iri ta kasa kama wancan, ina hujjar cewa zafin kamu halinta ne ita kaɗai?

Ƙanwata, duhun nan da kika gani a bakin rauni, kada ki ɗauke shi a matsayin ba komai. Shi ne amsar shukar. Dangin wake suna da wasu sinadaran kare kai da suke zubawa idan an taɓa su: giliseyolin a waken suya, fisatin a wake fis, medikafin a alfalfa, wata ciyawar dabbobi ta dangin wake. Kuma sel ɗin da ke bakin raunin sukan mutu su yi duhu. Sel ɗin da ya mutu ba ya karɓar T-DNA, ba ya rabuwa. Shukar ta ƙone gadar ne kafin baƙon ya haye.

Ɗalibar Tsirrai:
Gaskiya ne Anti, ban faɗi irin ba domin ni kaina ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Iri ɗaya ne na samu a ma'ajiyar sashenmu, duk 10 ɗin daga leda ɗaya. Waken ma haka. Yanzu na ga cewa abin da na gwada shi ne bakteriya ɗaya a kan iri ɗaya, amma na rubuta a littafina cewa ba ta kama dangin wake.

Malamin Ƙwayoyin Cuta:
Hajiya, na karɓi gyara a kan irin shuka, ya kamata in tambaya tun farko. Amma ban yarda a mayar da komai kan shukar ba, domin hujjarki tana juyuwa. Ki ɗauki irin waken suya ɗaya tak, ki soke shi da nau'o'in bakteriya biyar, za ki ga wani ya yi ƙari wani bai yi ba. A nan shukar ba ta canza ba.

Kuma ko sinadaran kare kan da kika ambata, akwai bakteriyar da ta yi musu shiri. An samu wani nau'i, 1D1609, daga alfalfa. A jikinsa akwai ƙwayoyin gado da ake kira ifeA, ifeB da ifeR, suna gina famfon da ke fitar da irin waɗannan sinadarai waje idan sun shigo, kuma sinadarin shukar ne da kansa yake kunna famfon. Da aka lalata famfon sai bakteriyar ta kasa gogayya da 'yan'uwanta wajen zama a saiwar alfalfa. An wallafa wannan a 1998. Kin ga shukar ta zuba dafi, bakteriyar kuma tana da abin kwashewa, kuma abin kwashewar ƙwayar gado ce.

Sai kuma wanda ya fi burge ni. Akwai nau'in Chry5, da aka samo daga furen kirisantimom a Fulorida, shi ma yana kama waken suya sosai. Da Kovács da Pueppke suka bincika a 1993, sai suka ga cewa kuromosom ɗin bakteriyar yana da hannu a wannan zafin. Ba zoben kaɗai ba. Wato filasmid ɗaya, idan ka sa shi a gida daban, ƙarfinsa a kan waken suya yana canzawa. Saboda haka ko a ɓangaren bakteriyar kaɗai wurare uku ne: vir, T-DNA, da kuromosom.

Mai Kiwon Iri:
To ai mun zo wuri ɗaya ta hanya biyu. Abin da nake ƙi shi ne a rubuta a takarda cewa nau'i kaza mai zafi ne, a sa aya. Mai zafi a kan wa? Ni na fi so a ce wannan nau'i a kan wannan iri. Na sha ganin ɗalibai sun zubar da aikin wata shida saboda sun karanta cewa EHA105 ta fi kowa, suka sa ta a irin da suke da shi, naman shukar ya yi baƙi ya mutu cikin kwana uku. Wani lokaci zafin ne ma yake jawo matsalar, domin shukar tana mayar da martani daidai ƙarfin harin.

Malamin Ƙwayoyin Cuta:
Wannan na ƙarshe gaskiya ne, kuma an gan shi a inabi. Akwai nau'o'in da ba sa kama komai sai inabi da 'yan tsiraru, ana ce musu masu ƙuntatacciyar iyaka. Da aka bincika ɗaya daga cikinsu a tsakiyar shekarun 1980, an samu bambanci a virA, an kuma samu T-DNA ɗinsa ba shi da ipt mai aiki. Abin mamaki, nau'o'in da ke kama shuke-shuke da yawa sukan sa naman wasu inabi ya mutu maimakon ya yi ƙari, kuma da aka lalata musu virC, ɗaya daga cikin masu dakon, sai ƙarin ya fito. Rage ƙarfi ya buɗe ƙofar da ƙarfi ya rufe.

Mai Kula da Lab:
Malamai ku ba ni dama in sauko da maganar kan benci. Malama, zafin ɗakin da kika ajiye tukwanen nawa ne da rana? Wannan bakteriya ba ta son zafi idan za ta kai kaya. Tana girma lafiya a maki 28 na ma'aunin Selsiyos, amma kai T-DNA ya fi tafiya a maki 22 zuwa 25, idan kuma aka haura 30 abin yana lalacewa, VirA ya daina ji, bututun ya ƙi ginuwa. Na san za ki ce ai tumatir ya yi a zafin nan ɗaya. Haka ne. Amma tumatir ƙofarsa a buɗe take, ko kaɗan ya wuce ya isa. Inda ƙofar take a tsuke, abin da zafi ya rage shi ne ɗan abin da kike da shi.

Na biyu, raunin ya bushe. Ni idan na soka nakan naɗe wurin da auduga mai laima da leda kwana biyu zuwa uku. Na uku, shekarun shukar. Karan waken suya yana saurin tauri. Ki gwada a kan ɗan tsiro mai kwana 5 zuwa 7, a gaɓar da ganyen farko masu kauri suka haɗu da kara, can sel suke da ɗokin rabuwa. Na huɗu, kafin ki soka ki jiƙa bakteriyar a ruwa mai ɗan tsami, pH wajen 5.5, da asetosiringon maikuromola 100 zuwa 200. Kin tashe ta daga barci tun kafin ta isa bakin rauni, ba sai ta jira ƙanshin shukar ba.

Maganar duhun da Hajiya ta yi kuma, akwai magani. Olhoft da Somers a Jami'ar Minesota sun nuna a 2001 cewa zuba sinadarin L-cysteine a lokacin da ake haɗa bakteriya da naman waken suya yana rage wannan duhun, kuma sel da yawa suna karɓar T-DNA. Na gwada da hannuna, bambancin a ido ake ganinsa: farantin da babu, gefen naman kamar an ƙona, wanda aka sa wa kuwa kore shar.

Ɗalibar Tsirrai:
Yaya, ban auna zafin ba, amma da rana ɗakin yana ɗaukar zafi sosai, gilashi ne. Kuma shukokin sun kai sati uku lokacin da na soke su, ban naɗe komai ba. Allah ya saka da alheri, wannan duk zan gyara.

Tsohon Malamin Gona:
Ina biye da ku. Wani abu ne ya tsaya mini. Dakta, na taɓa jin cewa wannan mai sa ƙari da wadda ke sa ƙululun alheri 'yan gida ɗaya ne. Idan haka ne, ta yaya dangin wake suke buɗe wa ɗaya ƙofa har su gina mata ɗaki a saiwarsu, su kuma rufe wa ɗaya? A ido na ga kamar su ya kamata su fi kowa kamuwa.

Malamin Ƙwayoyin Cuta:
Baba, abin da ka ji daidai ne. Agrobacterium da Rhizobium dangi ɗaya ne, kusancinsu ya kai har a 2001 wasu masana suka ba da shawarar a haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, Rhizobium, kuma an daɗe ana jayayya a kai. Abin da ya raba sana'arsu mafi yawa yana kan filasmid. A Jami'ar Laidin ta ƙasar Holan, Paul Hooykaas da abokan aikinsa sun ɗauki zoben Ti suka sa wa Rhizobium ɗin kulba, wata ciyawa ta dangin wake, a 1977, sai ga shi yana yin ƙari. Daga baya suka juya, suka ɗauki zoben da ke sa ƙululu suka ba Agrobacterium, ta yi ƙululu a saiwar kulba, sai dai ƙululun banza ne, ba sa kama naitirojin daga iska su yi wa shukar taki. Ko a kuromosom akwai kayan aikin da suke tarayya: chvA da chvB da mai ƙari take buƙata don ta manne wa shuka, takwarorinsu a Rhizobium su ne ndvA da ndvB, kuma idan babu su ƙululu ba ya yin kyau.

Amma shigarsu ba iri ɗaya ba ce. Rhizobium sallama yake yi. Saiwa ta fitar da sinadarin fulabonoid, shi kuma ya amsa da wani sinadari da ake kira Nod, shukar ta gane shi, gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume shi, a yi masa hanya zuwa ciki. Mai ƙari ba ta da wannan kalmar sallama, ta rauni take shiga. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, shukar da ta saba tantance baƙo a bakin ƙofa kullum tana da ido a kan wanda ya hauro ta katanga.

Mai Kiwon Iri:
A nan zan ɗan ja maka birki Dakta, domin kada Baba ya tafi da cewa dangin wake sun gagari wannan dangin bakteriya gaba ɗaya. 'Yar'uwarta Agrobacterium rhizogenes, mai sa saiwa ta fito buzu-buzu maimakon ƙari, tana kama waken suya da wake cikin sauƙi, musamman nau'in K599. Masu nazarin ƙululu da ita suke aiki kullum: a soki ɗan tsiro, cikin sati biyu zuwa uku saiwoyi su fito daga wurin, kowace ɗauke da ƙwayar gadon da aka saka. Hanyar kai kayan iri ɗaya ce, vir ne. Kayan ne daban, ƙwayoyin rol. Wannan yana nuna mini cewa sau da yawa T-DNA yana isa cikin sel ɗin dangin wake, abin da ke biyo baya ne ya bambanta.

Kuma wahalar da masu gyaran iri suka sha da wake ba ta kai kayan kaɗai ba ce. A samu sel ɗin da ya karɓa, kuma shi ɗin ya yarda ya zama cikakkiyar shuka mai 'ya'ya, nan aka daɗe. Taba tun 1983 aka gama da ita. Wake sai a 2006 aka samu hanyar da ƙwayar gadon take bin zuriya yadda ya kamata, a ɗakin binciken T. J. Higgins na hukumar CSIRO a Ostireliya. Shekara 23 tsakani.

Sabon Shiga:
Abin da ban gane ba, me bakteriyar take samu? Ta sha wannan wahala duk don shuka ta kumbura?

Malamin Ƙwayoyin Cuta:
Ci take samu. A kan T-DNA ɗin, ban da ƙwayoyin homon, akwai waɗanda ke sa sel ɗin shuka ya dinga haɗa wasu sinadarai da ake kira ofin, irin su oktofin da nofalin. Georges Morel da mutanensa a Faransa su suka lura cewa irin ofin da ƙari ke yi ya danganta da bakteriyar da ta jawo shi, ba da shukar ba. Shukar ba ta iya amfani da su, yawancin ƙwayoyin ƙasa ma haka, amma zoben Ti yana ɗauke da ƙwayoyin da ke narkar da daidai wanda ya sa a haɗa. Ƙarin rumbu ne da ta sa aka gina mata, mabuɗin kuma yana hannunta. Da irin ofin ɗin ake rarraba filasmid, kuma wannan ya dawo da mu kan Malama, domin pTiBo542 da zoben Chry5, masu kama waken suya ɗin nan biyu, dukkansu suna sa a haɗa sakinamofin, kuma sun yi kama da juna ƙwarai.

Malama, ga abin da zan yi da ni ne ke. Ki fara tabbatar da abin da ke hannunki ta PCR, gwajin da ke nuna ko wata ƙwayar gado tana nan, ki nemi virD2 da ipt. Sannan kada ki sake gwada bakteriya ɗaya a kan iri ɗaya. Ki nemi A281 da C58 ki jera su da bakteriyarki, ki samo irin waken suya aƙalla 4 da na wake 4, ki yi tebur. Idan layin bakteriyarki ya fito babu komai amma A281 ta kama, kin san inda za ki tona. Idan kuma wani iri ya ƙi kowa, Hajiya ta yi gaskiya a kansa. Dabarar da Hood da Fraley da Chilton suka bi a kan dangin wake a 1987 ita ce haɗa vir na wannan zobe da T-DNA na wancan, don a ga wanne ne ke ɗauke da halin. Idan aikinki ya kai can, hanyar a buɗe take.

Mai Kula da Lab:
In ƙara ɗaya a kan teburin. Ki raba tambayar biyu: kayan sun isa? Sun yi ƙari? Ki samu nau'in da ke ɗauke da ƙwayar GUS mai intiron, ki haɗa da naman shukar kwana uku zuwa huɗu, ki rina. Duk sel ɗin da T-DNA ya shiga zai yi shuɗi. Intiron ɗin, wani guntun DNA da sel ɗin shuka ke iya cirewa amma bakteriya ba ta iya ba, yana da muhimmanci, in babu shi bakteriyar da kanta za ta yi shuɗin ta ruɗe ki. Idan kika ga ɗigon shuɗi da yawa a waken suya amma ƙari bai fito ba, to masu dako sun yi aikinsu, matsalar tana wajen homon ko mutuwar sel. Idan babu shuɗi ko ɗaya, tun a bakin ƙofa aka tsaya.

Kuma don Allah duk tukwanen da ƙasar da tsinken da kika yi aiki da su, ki dafa su a tukunyar matsi kafin ki zubar. Mai ƙari ce ta gaske a hannunki, tana iya zama a ƙasa shekaru.

Ɗalibar Tsirrai:
Malamaina, na dawo da labari bayan sati biyar. PCR ya nuna virD2 da ipt duka suna nan. A281 ba ta iso ba tukuna, an yi mini alkawarinta, don haka na fara da tawa kaɗai. Na samo irin waken suya 3, na soki 'yan tsiro masu kwana 6 a gaɓar da Yaya ya ce, na jiƙa bakteriyar da asetosiringon, na naɗe raunin, na ajiye su a ɗaki mai maki 24. Irin da na fara da shi ya sake yin duhu, amma a tsiro 2 cikin 12 akwai ɗan ƙari kamar kan ashana. Iri na biyu babu komai ko ɗaya. Iri na uku kuwa 8 cikin 12 sun yi, ɗaya har ya zagaye karan, fari mai ɗan kore, na yanka shi da reza na ga cikinsa tauri ne babu rami.

Na goge abin da na rubuta a littafina. Anti, iri na biyun nan da ya ƙi gaba ɗaya shi ya fi jan hankalina yanzu. Idan A281 ta iso da shi zan fara, kuma zan yi rinin GUS a kansa in ga ko kayan suna shiga.

Mai Kiwon Iri:
Madalla ƙanwata. Ki ware ƙwayar iri na biyu da na uku a leda daban-daban, ki rubuta musu suna da kwanan wata, kada ki ƙarar da su a gwaji. Idan bambancin ya tabbata a zagaye na biyu, ki shuka su kusa da juna, lokacin fure ki kira ni in nuna miki yadda ake buɗe furen waken suya a haɗa su. Furen ƙanƙane ne, sai da hantsaki mai tsini da safe kafin rana ta yi zafi.